Cibiyar jawo matasa a jiki: ma'anarta da yadda ake kafa ta

Idan ma'aikatan jin daɗin jama'a suka ce "cibiyar jawo matasa a jiki", suna nufin tsayayyen wuri a cikin birni wanda matashin da ya raba gari da gida, da makaranta, da wurin aiki zai iya shiga ba takarda, ba kuɗi, ba wanda zai tare shi da tambayoyi a bakin ƙofa. Ta sha bamban da gidan gyaran hali, inda ake kai yaro a rufe shi. Nan da ƙafarsa yake zuwa, da ƙafarsa yake fita. Yawanci ana karɓar 'yan shekara 15 zuwa 24, wato ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya na matasa, amma wasu kan faɗaɗa. Cibiyoyin headspace na Ostareliya, masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa, da aka fara a 2006, suna karɓa daga shekara 12 zuwa 25.

Sunan ya ƙunshi aiki biyu. Akwai fita neman matasan inda suke zama: tashar mota, ƙarƙashin gada, bayan kasuwa, kangon gini. Akwai kuma wurin da za a ce musu su zo. Wannan na biyun shi ne na dindindin, kuma ma'anarsa ta wuce mallakar gini. Ƙofa ɗaya ce, a lokaci ɗaya, da fuskokin da aka saba gani. Matashin da manya suka sha yi wa alkawari suna karyawa, wanda maciji ya sara ne, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Yakan yi makonni yana leƙe daga nesa kafin ya shigo, kuma ranar da ya yi ta maza ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, da wuya ya sake dawowa.

Tunanin ya daɗe. Don Bosco, wani limamin Katolika, ya fara tara yaran titi a birnin Turin na Italiya a 1841, ya yi ta ƙaura da su daga wuri zuwa wuri saboda ƙorafin maƙwabta, sai a 1846 ya samu wata rumfa a unguwar Valdocco, aikin ya zauna da gindinsa. An buɗe Huckleberry House a San Francisco a 1967 don yaran da suka gudu daga gida, Centrepoint kuma, mafakar matasa marasa matsuguni, ta fara a 1969 a ƙasan wani coci a unguwar Soho ta Landan. A 2017 kwamitin kare haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da sharhinsa na 21 kan yaran titi, inda ya buƙaci gwamnatoci su bar kame da kora, su saurari yaran a matsayin masu haƙƙi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara da gini. A kama haya, a yi fenti, a kafa allo, sannan a zauna jiran matasan da ba su san da wurin ba. Titi ake fara shiga. Ma'aikata biyu, ba ɗaya ba, su riƙa zaga wurare ƙayyadaddu a ranaku da sa'o'i ƙayyadaddu, na wata shida aƙalla. Su rubuta inda ake taruwa, da ƙarfe nawa, da wane gungu ne ba ya ga maciji da wane. Wannan bayanin ne ke zaɓar wuri. Idan ginin ya faɗa yankin da gungu ɗaya ke riƙe da shi, sauran ba za su taka ba. A nemi tsaka-tsaki, kusa da hanyar mota, a ƙasa ba a saman bene ba, inda mai wucewa zai hango ciki ya ga ba tarko ba ne.

Cikin ginin ba ya son ƙawa. Babban zaure guda wanda ma'aikaci zai ga kowane lungunsa daga inda yake tsaye. Ƙaramin ɗakin ganawa mai gilashi a jikin ƙofa, a ga mutane amma kada a ji maganarsu. Ƙofar fita biyu, saboda gobara da kuma ranar da faɗa ya kaure. Banɗaki da wurin wanka na maza daban, na mata daban. Sai wurin wanki, akwatin taimakon gaggawa, soket masu yawa na cajin waya, da akwatunan ajiya masu makulli. Kada a raina waɗannan akwatunan. Wanda ke kwana a waje kullum cikin asarar katin shaida da takardun makaranta yake, kuma in babu su, neman aiki ko komawa aji ya tsaya cak. Abinci mai zafi da ruwan wanka su ke kawo mutum ranar farko. Zancen shaye-shaye, ko ciki, ko dukan da ya kore shi daga gida, sai an yi sabo.

Kowane zama ya samu ma'aikata uku aƙalla: ɗaya a ƙofa, ɗaya a zaure, ɗaya a sake don ganawa ko abin gaggawa. Idan biyu kawai suka zo, gara a taƙaita hidima a tsaya bakin ƙofa a yi bayani da a rufe shiru. A binciki tarihin duk wanda za a ɗauka, har 'yan sa kai, kuma babba ba ya keɓewa da yaro inda ido ba ya kaiwa. Kwana uku a mako da ba a taɓa saɓawa sun fi kwana bakwai na jeka-na-yi-ka.

Dokoki su zama kaɗan, waɗanda za a iya faɗa a numfashi ɗaya: ba makami, ba duka, ba sha ko sayar da ƙwaya a ciki. Wanda ya karya a dakatar da shi na kwana ɗaya ko mako, a gaya masa ranar dawowa, ma'aikatan titi kuma su ci gaba da gaisawa da shi. Kora ta har abada tana fitar da ainihin waɗanda aka buɗe wurin dominsu. Batun sirri ma a fayyace shi tun ranar farko: abin da ka faɗa ya tsaya nan, sai fa idan ranka ko na wani na cikin haɗari. Idan aka ɓoye wannan iyakar, ranar da dole ta sa aka kai rahoto, labari zai zaga cewa cibiyar 'yan leƙen asiri ce. Saboda haka ne ake zama da 'yan sanda tun kafin buɗewa, a yi yarjejeniya a rubuce cewa ba za su mayar da wurin wajen farauta ba. Maƙwabta kuma a ba su lambar da za su kira.

Cibiya ba ta iya komai ita kaɗai. Tana tura matasa asibiti, wurin koyon sana'a, ofishin katin shaida, wurin lauya. Takardar turawa kaɗai ba ta cika kai mutum ba, rakiya ake yi, a zauna da shi a layi. Haka nan a lura da wanda ba ya zuwa. Idan manyan samari suka mamaye zaure, 'yan mata da ƙanana kan janye ba tare da sun ce uffan ba, maganinsa kuwa ware musu sa'o'insu da ma'aikaciya mace.

Abin da ya fi kashe irin wannan wuri kuɗi ne da gajiya. Tallafin shekara ɗaya daga hannu ɗaya yakan ƙare daidai lokacin da matasa suka fara yarda. Kafin a buɗe, a tabbatar da kuɗin haya da albashi na shekara uku daga hanyoyi biyu ko uku, a tuna cewa albashi ne ke cin kaso mafi tsoka. Ma'aikata su samu zama da shugabansu duk wata don sauke abin da suka ji suka gani, domin duk wanda ya ajiye aiki yakan tafi da amanar matasan da suka saba da shi. Wajen rahoto kuma, yawan waɗanda suka shigo ba ya nuna komai sosai. A ƙirga nawa ne suka dawo karo na uku, nawa aka raka asibiti suka kammala magani, nawa ke nan a makaranta ko wurin sana'a bayan wata shida.