Gold Wing, RT ko Road Glide: abin da gwajin tuƙi ke nunawa

Me ya fara raba waɗannan baburan doguwar tafiya?

Inji ne. Honda Gold Wing na Japan, wanda aka fara ƙerawa a 1975, yanzu silinda shida gare shi a kwance, uku dama uku hagu, cc 1833. Ka ja totur yadda kake so, da kyar za ka ji girgiza a hannunka. BMW R 1250 RT na Jamus silinda biyu ne, su ma a kwance, cc 1254, ƙarfin doki 136, kuma ya fi saurin amsawa idan za ka wuce mota. Shi kuwa Harley-Davidson Road Glide na Amurka, bugun injinsa har a ƙirji kake jin sa, kuma masu shi don wannan bugun suke ƙaunarsa.

A ina ya kamata a gwada su?

Ba a miƙaƙƙen titi kaɗai ba. A kan kwalta mai santsi duk ukun daɗi gare su, ba abin da za ka gane. Ka nemi fili, ka rage gudu kamar mai tafiya a ƙafa, ka juya kan babur ka koma inda ka fito. A nan nauyi ke bayyana. Gold Wing Tour ya kusa kilo 390, Road Glide bai yi nisa da shi ba, RT kuwa wajen 280 ne. Amma lamba ba ta faɗi komai ba. Nauyin Gold Wing a ƙasa yake, don injinsa a kwance ne, tankinsa a ƙarƙashin kujera, kujerar kuma milimita 745 ce daga ƙasa, har gajere ma ƙafarsa na taka ƙasa sosai. Yana da ribas, kuma duk wanda ya taɓa tura irin wannan nauyi da baya a kan gangare ya san darajarta. Kujerar RT ta fi nisa daga ƙasa, amma da zarar babur ɗin ya motsa shi ya fi sauƙin lanƙwasa a kwana.

Wanda za a goya fa?

Ka zo da shi wurin gwajin, kada ka yanke hukunci a madadinsa. A nan Gold Wing ya yi wa sauran nisa: mazaunin baya da majingina kamar kujerar falo.

Iska da kulawa?

Gilashin gaban Gold Wing da na RT da maɓalli ake ɗaga su ana cikin tafiya. Garkuwar Road Glide, wato rufin gaba mai tare wa mai tuƙi iska, a jikin babur take, ba a kan hannu ba, don haka iskar tirela ba ta fizge maka hannu. Honda da BMW sandar ƙarfe ke juya tayarsu ta baya, Harley bel ne. Babu mai sarƙar da za ka riƙa shafa wa mai.

Za su iya hanyoyinmu?

Nan ne nake jan hankali. Tsakanin cikin Gold Wing da ƙasa milimita 130 ne kacal, rami ɗaya mai zurfi ya isa ya daki ƙasansa. Wanda hanyarsa ke da gargada gara ya gwada Honda Africa Twin, mai milimita 250 da tayar gaba inci 21. Sannan kafin ka biya kuɗi, musamman idan ɗan Kwatano ne, ka tabbata akwai bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar babur ɗin, ka kuma san inda za ka samo taya da takalmin birki.

To, wanne za a ɗauka?

Idan kai kaɗai kake tafiya, ni RT zan ce: ya fi sauƙin sarrafawa, tankinsa lita 25 ne, na Gold Wing 21. Idan da iyali za ka riƙa tafiya a kan kwalta mai kyau, Gold Wing ne.