Da Gaske Mutanen Dā Suna Yar da Nakasassu?

An daɗe ana cewa mutanen dā marasa tausayi ne, wai wanda ya nakasa sai a bar shi daji. Ƙasusuwa sun ƙaryata wannan.

A 1957, masanin binciken kayan tarihi Ralph Solecki ya tono ƙwarangwal ɗin wani ɗan Niyandatal (wani jinsin mutanen dā da ya ɓace) a kogon Shanidar da ke arewacin Iraƙi, wanda ya rayu fiye da shekara 40,000 da suka wuce. Hannunsa na dama ya shanye, ya taɓa samun mummunan rauni kusa da idon hagu, yana ɗingishi, kunnensa ma ya toshe. Amma raunukan sun warke, har ya kai wajen shekara 40.

Warkewar ƙashi tana ɗaukar makonni, kuma mai irin wannan lalura farauta za ta yi masa wuya. Ke nan akwai masu ciyar da shi, suna kare shi daga namun daji.