Waiwaye: Hanyoyin ruwan Amsterdam da dokokin da baƙonka zai tarar

Duk mazaunin Holan da aboki ya kawo wa ziyara, daga gida Afirka ta Yamma ne ko daga wata ƙasar Turai, ya san roƙon farko: a kai shi bakin ruwan Amsterdam. Sai dai mai masaukin da ya san garin shekara goma baya zai tarar an sauya abubuwa da yawa. An ƙayyade gudun kwale-kwale, an hana manyan motoci wasu tituna, an kafa karafa a cikin ruwa ana tokare gaɓa, tikitin wasu gidajen tarihi kuma sai ta intanet. Kowace doka a cikinsu tana da asali a yadda aka gina garin.

Amsterdam fadama ce. A wajen 1270 mazauna wurin suka datse kogin Amstel, daga wannan madatsa sunan garin ya fito, kuma takarda mafi tsufa da ta ambace shi ta 1275 ce. Ƙasar laka ce da ruɓaɓɓen ciyayi, ba ta ɗaukar gini. Dabarar magina ita ce su kafa dogayen turakun katako har su taɓa yashi mai ƙarfi, kimanin mita 12 zuwa 13 a ƙasa, sannan su ɗora harsashi a kai. Fadar sarki da ke dandalin Dam, wadda aka fara ginawa a 1648 a matsayin ofishin hukumar gari, tana kan turaku 13,659. Sirrin shi ne katakon da ke nutse cikin ruwa ba ya ruɓewa, amma da zarar ruwan ƙasa ya ja baya iska ta taɓa kansa, sai ya fara ci. Shi ya sa ake riƙe ruwan garin a ma'auni guda, kimanin santimita 40 ƙasa da ma'aunin teku na Holan. Gidan da baƙo ya gani ya karkata gefe kamar zai jingina da maƙwabcinsa, galibi turakunsa ne suka gaza. Wanda ya sunkuyo gaba kuwa sau da yawa da gangan aka gina shi haka. A duba ƙugiyar da ke saman fuskar gidan: da ita ake jan kaya da igiya a shigar ta taga, domin matakalar ciki ta yi tsukuku, har yau ma haka ake shigar da kujera da gado.

Manyan hanyoyin ruwa uku da suka zagaye tsohon gari kamar baka, wato Herengracht, Keizersgracht da Prinsengracht, an fara haƙa su a 1613. Mutanen garin sun tashi daga kimanin 30,000 a wajen 1580 zuwa kimanin 200,000 a wajen 1670, wuri ya yi kaɗan. An fara daga yamma, wajen Brouwersgracht, aka tsaya a Leidsegracht, sai a shekarun 1660 aka ƙarasa zuwa Amstel. Ba don ado aka haƙa su ba. Suna tsane fadama, ƙasar da aka tono ana cike filayen gini da ita, jiragen kaya kuma suna tsayawa a ƙofar rumbun attajiri.

Nan ne baƙo daga Afirka ta Yamma yake da haƙƙin a faɗa masa gaskiya. Wani ɓangare na dukiyar da ta gina gidajen nan daga cinikin bayi ya fito. Kamfanin Holan mai ciniki da yammacin duniya, wanda aka kafa a 1621, ya ƙwace gidan yaƙin Elmina da ke Gana ta yau daga hannun Fotugal a 1637, kuma Holan ta riƙe shi har 1872. Hukumar Amsterdam da kanta ta mallaki kashi ɗaya cikin uku na kamfanin da ya mulki Suriname, a Kudancin Amurka, daga 1683. Gida mai lamba 502 a Herengracht, wanda yanzu shi ne gidan magajin gari, an gina shi ne domin Paulus Godin, ɗaya daga cikin shugabannin waɗannan kamfanoni, kuma akwai allon tunawa a ƙofarsa. Ranar 1 ga Yuli 2021 magajiyar gari Femke Halsema ta nemi gafara a madadin hukumar birnin. Bai kamata a wuce ƙofar nan da baƙo ana ɗaukar hoto kawai ba.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne wari. Ƙarnuka da dama hanyoyin ruwan nan su ne masai da juji, har masu hali kan bar gari da bazara su tafi gidajensu na bakin kogin Vecht. Kwalara ta yi ɓarna a 1832 da 1866. Da aka rufe IJ, mashigin teku da ke gaban garin, da ƙofofin ruwa a 1872, cika da janyewar teku suka daina wanke garin, sai aka kafa injin tura ruwa a Zeeburg a 1879 yana shigo da sabon ruwa. A wancan zamani maganin da aka fi yarda da shi shi ne cikewa: aka cike Nieuwezijds Voorburgwal a 1884, Rozengracht a 1889, Lindengracht a 1895. Duk titin da sunansa ya ƙare da gracht, wato hanyar ruwa, amma babu ruwa a cikinsa, an binne shi ne. A 1954 shugaban 'yan sandan birnin, Kaasjager, ya kawo shawarar a cike wasu manya domin motoci su samu hanya, jama'a suka ƙi. Rikicin unguwar Nieuwmarkt na 1975, kan rushe gidaje saboda jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ƙara juya ra'ayi zuwa adana tsohon gari. A 2010 UNESCO ta sa zagayen hanyoyin ruwan cikin kayan tarihin duniya. Ruwan ya gyaru sosai bayan an haɗa gidaje da jiragen kwana da bututun najasa, har Gimbiya Máxima ta gidan sarautar Holan ta yi ninƙaya a ciki a 2012. Duk da haka ana tsamo kekuna dubu goma sha wani abu daga ƙasansa kowace shekara.

Matsalar yau nauyi ce da cunkoso. Katangun gaɓar an yi su ne domin doki da amalanke, yanzu motocin kaya da na shara ke bi ta kansu. Ranar 1 ga Satumba 2020 wani ɓangare na gaɓar Grimburgwal ya rufta cikin ruwa, bincike kuma ya nuna ƙasan wurin ya zurfafa inda jirage ke juyawa, turakun suka rasa madogara. Hukumar gari tana duba katangu na kimanin kilomita 200 da gadoji fiye da 800, motar da ta haura tan bakwai da rabi kuma ba ta shiga tsakiyar gari sai da izini. Saboda haka hanyar da aka bi bara ana iya tarar da ita a rufe bana. A ɓangaren baƙi, an cire manyan haruffan I amsterdam, da baƙi ke taruwa ɗaukar hoto, daga gaban gidan tarihi na Rijksmuseum a Disamba 2018, a 2019 aka taƙaita ba baƙi hayar gida ta manhajar Airbnb zuwa kwana 30 a shekara, a 2021 aka sa iyakar kwanan baƙi miliyan 20 a shekara, harajin otal kuma ya kai kashi 12.5 cikin ɗari a 2024. Baƙon da ya sauka gidan abokinsa kyauta wannan haraji bai shafe shi ba.

Idan daga gida zai taso, mai masauki ne zai cike takardar gayyata da ɗaukar nauyi, ya kai ofishin hukumar garinsu a tantance sa hannunsa. Baƙon yana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, bizar kuma ba ta wuce kwana 90 cikin 180. Tikitin gidan tarihin Anne Frank, yarinyar Bayahudiya da ta ɓuya a can lokacin yaƙin duniya na biyu, ana sakinsa kowace Talata don ziyarar da za a yi bayan mako shida, a intanet kaɗai, wanda ya bari sai baƙo ya sauka yakan rasa. Taram, jirgin lantarki mai bin titi, ba ta karɓar tsabar kuɗi. Ana taɓa katin banki a shiga, a taɓa a fita, kowa da katinsa, mutum biyu ba sa bin kati ɗaya. Wanda ya manta taɓawar fita a jirgin ƙasa za a iya cire masa ƙarin kuɗi. A gwada katin baƙon tun a filin jirgin sama na Schiphol, domin ba kowane katin gida ke aiki ba.

Tafiyar ƙafa da ta fi nuna tarihin nan a jere ba ta wuce kilomita biyar ba. A fara da jirgin fito na kyauta da ke bayan babbar tashar jirgin ƙasa, a haye IJ a dawo, minti biyar kowane ƙetare, don baƙo ya ga tashar jiragen ruwan da ta haifi garin. Daga nan Brouwersgracht mai tsofaffin rumbuna, a gangara Prinsengracht zuwa cocin Westerkerk. Masallacin Fatih yana kusa, a kan Rozengracht ɗin da aka cike, cikin ginin da a da cocin Katolika ne. A lura da lokutan salla: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, a Disamba wajen huɗu da rabi. Sai a koma Herengracht, a bi lanƙwasar da ke tsakanin Leidsestraat da Vijzelstraat inda manyan attajirai suka zauna, a tsaya a lamba 502, a ƙarasa Reguliersgracht inda gadoji bakwai ke jere, a fita Amstel wajen gadar Magere Brug.

A gargaɗi baƙo kan abu biyu tun kafin a fito. Jan kwalta hanyar keke ce, ba a tsayawa a kai. Yawancin gaɓa kuma babu shinge, katangar ta miƙe tsaye, wanda ya faɗa da dare cikin ruwan sanyi fita tana masa wuya.

Jirgin yawon baƙi mai rufin gilashi yana ɗaukar kimanin awa ɗaya. Wanda ya fi son hayar ƙaramin kwale-kwale mai batir ba ya buƙatar lasisi, tunda bai kai mita 15 ba kuma ba ya gudu. Dokar ita ce kilomita shida a awa, saboda igiyar ruwa tana zaizaye gaɓa, fasinja kada su wuce 12 ban da matuƙi, ba a kunna kiɗa da lasifika. A riƙe hannun dama, a ba manyan jirage hanya, a rage gudu a bakin kowace gada domin ba a ganin mai tahowa ta kwana. Wasu hanyoyin ta ɓangare ɗaya kaɗai ake shigarsu, kuma taswirar da masu haya ke bayarwa tana nuna su.