Siririn harshen silikon da ke jin motsin furotin: tambayoyi da amsoshi

Wani ƙanena mai sayar da magani a Idi-Araba, kusa da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, shi ya tsare ni da waɗannan tambayoyi bayan sallar isha'i, da na ba shi labarin wata dabarar gane motsin furotin da siririn harshen silikon.

Yaya, wane furotin ake nufi?

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da siririyar fata ta kitse da ta lulluɓe ta. A jikin fatar nan akwai furotin da suke zaman ƙofofi da masu gadi. In za su yi aiki, sai sun sauya siffa: su buɗe, su rufe, su karkace. Amlodipine da kake miƙa wa masu hawan jini kullum, irin wannan ƙofa yake tarewa, wadda sinadarin kalsiyam ke bi.

To ta yaya ake gane sun motsa, alhali ido ba ya ganinsu?

Nan ne abin ya burge ni. Ana yanka wani ɗan harshe na silikon, sinadarin da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, tsawonsa kamar rabin milimita, gefe ɗaya a kafe, ɗayan yana lilo. Sai a shimfiɗa furotin a fuska ɗaya kawai. Ka taɓa lura da fatar rago da aka shanya bayan Babbar Sallah, yadda take nannaɗewa in sama ta riga ƙasa bushewa? Haka harshen ke tanƙwara idan furotin ya miƙe ko ya takure. Tanƙwarar 'yan nanomita ce, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Hasken leza da ake haskawa a bakin harshen shi ke tona asirin, domin da ya lanƙwasa, hasken sai ya koma wani wuri. Dabarar ta samo asali ne daga madubin binciken atom da masana kimiyya Binnig da Quate da Gerber suka ƙirƙira a 1986.

An taɓa gwadawa?

An gwada. A 2006 masana a Jami'ar Basel ta Suwizalan suka yi aiki da bakteriyorodopsin, furotin mai launin shunayya na wata ƙwayar halitta mazauniyar ruwan gishiri. Da suka cire masa retinal, sinadarin da ke karɓar haske a cikinsa, siffarsa ta sauya, harshen ya tanƙwara. Ba a kuma buƙatar liƙa wa furotin wani rini da zai iya dagula halinsa.

Zai yi aiki a Legas, da zafin nan da girgizar janareta?

Zafi kaɗan ma yana lanƙwasa shi. Shi ya sa ake jera harsuna takwas, a bar wasu ba furotin mai aiki, sannan a debe motsinsu daga na sauran. Girgiza kuwa, sai tebur na musamman mai shanye ta, da wuta wadda ba ta ɗaukewa.