Ƙa'idar santimita 10: yadda Kopenhagen ta nuna wa ruwan titi hanya

Duk wanda ruwa ya taɓa kamawa yana tafe a ƙafa ya san inda ruwan titi yake taruwa. Yawanci ana yi wa titi tozo a tsakiya, gefe biyu su gangara, sai ruwa da laka su bi gefe, daidai inda mai ƙafa da mai keke suke wucewa. Mai mota yana kan tudu, su kuwa suna cikin tabo. Wannan tsohon tsari ne birnin Kopenhagen na ƙasar Danmak ya sake dubawa, kuma ba don son ransa ba.

Ranar 2 ga Yuli, 2011, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a birnin, kusan milimita 150 cikin awa biyu. Magudanan ƙarƙashin ƙasa suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shiga ɗakunan ƙarƙashin gidaje, manyan hanyoyi suka rufe. Asarar ta kai wajen kurona biliyan 6, kuɗin ƙasar Danmak. A 2012 majalisar birni ta amince da tsarin tunkarar irin wannan ruwa, a 2015 kuma ta amince da ayyuka kusan 300 da za a yi cikin shekara 20.

Zuciyar tsarin ƙa'ida ce guda. Idan aka yi ruwan da ake kira na sau ɗaya a shekara 100, ruwan da zai kwanta a iyakar titi da gini kada ya wuce zurfin santimita 10, sai a wuraren da aka ware musamman don ruwa ya taru. Santimita 10 kusan idon sawu ke nan. Mutum zai jiƙa takalmi, amma zai isa gida, kuma ruwa ba zai haura dokin ƙofar da ya fi haka tsayi ba. Shi kuma "sau ɗaya a shekara 100" ba alkawari ba ne cewa sai bayan ƙarni zai dawo. Ma'anarsa, a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ya sauka, kuma da ɗumamar yanayi yiwuwar tana ƙaruwa, shi ya sa aka yi lissafin da ruwan da ake hasashe nan gaba.

A lura, tsarin bai ce ruwa ba zai hau titi ba. Faɗaɗa bututu har ya haɗiye irin ruwan 2011 zai ci kuɗin da ba a da shi. Abin da aka zaɓa shi ne a faɗa wa ruwa inda zai bi. Wasu tituna an juya musu tozon: tsakiya ta zama kwari, an ɗaga bakin titi, ruwa ya gangara ta tsakiya zuwa tashar jiragen ruwa ko tafki, nesa da gidaje. Hanyar keke a Kopenhagen dama tana ɗan sama da ta mota, ta ƙafa kuma tana sama da ta keke, don haka motoci ne suke fara ba ruwa wuri. A ganina nan ne adalcin yake, domin mai keke ba shi da gilashin da zai rufe.

Wasu titunan kuma aikinsu jinkirta ruwa. A dandalin Tåsinge Plads an fasa kwalta aka yi lambu mai gangare. Ranar da babu ruwa mutane na zaune a inuwa, ranar ruwa kuma ramin ya sha abin da rufin gidaje da daɓen suka zubo. Itatuwan da aka dasa saboda ruwa su ne suke rage wa mai tafiya zafi da bazara.

Wa ke biya? Ɓangaren da ya shafi sarrafa ruwa, kamfanin ruwan birnin, HOFOR, yake ɗauka daga kuɗin ruwan da jama'a ke biya. Itatuwa da kujeru da gyaran fili suna kan asusun birni. Kare gida daga ruwan da bai kai santimita 10 ba kuwa, wannan yana wuyan mai gidan.