Abincin gargajiyar Japan da tsawon rai

Washoku shi ne sunan da Japanawa ke kiran abincinsu na gargajiya, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa a shekarar 2013. Tsarinsa na yau da kullum shi ne kwanon shinkafa, da miyar miso (tsimammen waken suya da aka kwaɓa), da ƙananan mahaɗi uku: yawanci kifi, kayan lambu, da wani abu na waken suya, a kora da koren shayi marar sukari. Jan nama kaɗan ne, mai ma haka.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda rayuwar Japanawa ta ƙaru. A 1947 matsakaicin tsawon rai bai wuce shekara 50 ga maza da 54 ga mata ba. A 2023 ya kai kimanin 81 ga maza, 87 ga mata.

Ɗaya daga cikin manyan binciken da suka bi diddigin lamarin shi ne wanda ake kira JPHC a taƙaice, wanda aka fara a 1990 ta cibiyoyin lafiya na yankunan ƙasar. Ana tambayar mutane abin da suke ci, sannan a bi rayuwarsu shekara da shekaru. Sakamakon da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2016 ya shafi mutum kusan 80,000 da aka bi tsawon shekara 15. Waɗanda suka fi bin jagorar abinci mai siffar katantanwar wasan yara da gwamnati ta fitar a 2005, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 15 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda suka fi saɓa mata, kuma raguwar ta fi fitowa a cututtukan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. A 2020 wani sakamako daga binciken ya nuna masu yawan cin waken suya da aka tsima, wato miso da natto, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kusan kashi 10. Natto dai ɗan'uwan daddawa ne a hanyar haɗi da ƙarfin ƙamshi, sai dai shi da safe ake zuba shi a kan shinkafa, a motsa da tsinken cin abinci har ya yi yauƙi yana jan zare.

Duk da haka abincin na da babban aibu, wato gishiri. Miso, ruwan ɗanɗano na waken suya, tsimammen kayan lambu da busasshen kifi duk cike suke da shi. Daga 1951 zuwa 1980 shanyewar ɓarin jiki ce ta fi kashe mutane a Japan, musamman a arewa maso gabas irin su Akita, inda tsananin sanyi ya sa ake adana abinci da gishiri. Ciwon dajin tumbi ma na da alaƙa da hakan. Jihar Nagano ta yi fice wajen yaƙi da wannan, inda masu aikin sa kai suka riƙa shiga gida-gida suna auna gishirin miyar mutane. Har yanzu Bajapane na cin kimanin giram 10 a rana, ninki biyu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Saboda haka kuskure ne a ɗauka abincin kakanni zalla ne ya kawo tsawon rai. Lokacin da talaka ke cika ciki da shinkafa da gishiri, mutane na mutuwa da wuri. Riba ta zo ne bayan an rage gishiri, firiji ya shiga gidaje, an ƙara madara, ƙwai da 'ya'yan itace, ba tare da an yar da kifi da kayan lambu ba. Inshorar lafiya ta kowa da kowa da aka kafa a 1961 da maganin hawan jini su ma sun taka rawa. Irin waɗannan bincike alaƙa suke nunawa, ba sa yanke hukunci kan sanadi, domin mai kula da abin da yake ci sau da yawa shi ne kuma ba ya shan taba, yana motsa jiki, yana zuwa a duba lafiyarsa.