Horar da dillalan kayan noma a Najeriya

Dillalin kayan noma shi ne mai sayar wa manoma takin zamani, iri, maganin ciyawa da na ƙwari, da famfon feshi, a shago ko a rumfar kasuwar ƙauye. Da yake malaman gona sun yi ƙaranci, shi manomi ya fi tambaya abin da zai zuba wa gonarsa, don haka abin da mai shago ya sani, daidai ko kuskure, shi ke isa gona.

Tarihi

An daɗe ba a ga buƙatar horon ba, domin taki yana hannun hukuma. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa sashen da ke saye da rarraba shi. Ayyukan raya noma na Funtuwa, Gusau da Gombe, waɗanda suka fara a tsakiyar shekarun 1970, suna da cibiyoyinsu na sayar da kayan noma, daga baya jihohi suka kafa kamfanoni irin su KASCO a Kano. Ɗan kasuwa bai da babban gurbi a wannan tsari. Da aka janye tallafin taki a 1997, aka maido da wani ɓangarensa a 1999, sai aka tarar da 'yan kasuwar da suka shigo harkar ba su da ilimin kayan da suke sayarwa.

A wajejen 2001 zuwa 2002 cibiyar bunƙasa taki ta ƙasa da ƙasa, IFDC, da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta fara shirin bunƙasa kasuwar kayan noma mai suna DAIMINA, wanda ya horar da dillalai a jihohin da suka haɗa da Kano da Oyo, ya kuma taimaka musu suka haɗu cikin ƙungiyoyi. Taron taki na Afirka da aka yi a Abuja a Yunin 2006 ya ƙara wa batun ƙarfi: an ɗauki alkawarin ɗaga yawan taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, tare da faɗaɗa dillalai a karkara. A 2012, zamanin ministan noma Akinwumi Adesina, shirin tallafin kayan noma na GES ya mai da dillali ƙofar tallafi, inda manomi ke samun saƙo a waya ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Ana saɓani kan nasarar shirin. Dillalai da dama sun koka da jinkirin biya.

Abin da ake koyarwa

Horon kan ɗauki 'yan kwanaki ne. Ana koyar da bambancin kamfa da yuriya da lokacin zuba kowanne, gane gurɓataccen taki, da ajiye buhuna a kan katako nesa da danshi. Sashen magani ya fi nauyi, kuma ya cancanci hakan, domin ganganci a nan rai yake ci: karanta takardar jikin kwalba, duba ranar lalacewa, auna magani daidai da ruwan famfo, raba shi da kayan abinci, da hana ɗura shi a robar lemo. Akan taɓo rubuta ciniki da bashin da manoma kan biya da kaka.

Doka

NAFDAC ke rajistar magungunan feshi. Dokokin taki da na iri na 2019 sun wajabta wa masu sayarwa yin rajista.

Koyo a shago

Har yau yawancin masu sana'ar a gaban maigida suke koyonta, a matsayin yaran shago, kafin a sallame su da jari.